Mazari na Huɗu

A masana'antar babu mai kiransa da sunansa. Injiniya ake ce masa a gaban idonsa, a bayan idonsa kuwa Silin Gashi, domin ko tebur ka ajiye a gabansa sai ya karkata kai ya ce ya kauce da silin gashi. Ya san da sunan, bai kuma taɓa jin haushinsa ba. A ganinsa yabo ne.

Mahaɗin famfo suke ƙerawa, 'yan guntayen tagulla masu haƙora, irin waɗanda ake murɗawa a bakin bututu. Tsofaffin injinansu na feƙe ƙarfe ɗai-ɗai suke yi: a cusa sandar tagulla, ta yi ta juyawa, aska ta feƙe, a huda, a yanke, sannan a soma wani. Shekara uku Injiniya ya yi yana zana injin da zai yi aikin shida a lokaci guda. Wata ƙatuwar ganga ce ta ƙarfe a kwance, a cikinta mazarai shida, kowane mazari yana riƙe da sandarsa yana juya ta. A gaban kowanne akwai askar da ke jiransa. Wannan na feƙewa, wancan na hudawa, na gaba yana fitar da haƙora, na ƙarshe yana yankewa. Da sun gama sai gangar ta juya taki ɗaya, sakata ta faɗa ta kulle ta, kowane mazari ya sami kansa a gaban sabuwar aska. Duk taki ɗaya, mahaɗi ɗaya ya faɗo cikin kwando a gama. Babu hannun mutum, sai dai mai zuba sanduna.

Wanda ya harhaɗa injin da hannunsa shi ne babban bakaniken wurin, wani dattijo mai faɗin tafin hannu da ƙarancin magana. Kuma yayan matar Injiniya ne, ciki ɗaya. Shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, shi ya ba Injiniya aurenta. Saboda haka a gida Injiniya ke rusuna masa ya ce Yaya, a wurin aiki kuwa Yaya ke tsayawa a bakin tebur yana jiran a miƙo masa takardar zane. Shekara da shekaru suna tafiya a haka ba a taɓa jin kansu ba, don kowa ya san inda iyakarsa ta tsaya.

Ranar da aka tayar da injin, har masu shara sun ajiye tsintsiya sun zo kallo. Gangar ta juya, sakata ta ce ƙas, mahaɗi ya faɗo. Ta sake juyawa, wani ya faɗo. Mai awo, wata mata mai tabarau da ta shekara goma sha tara tana auna kayan masana'antar, ta ɗauki ashirin na farko ta gwada su ɗaya bayan ɗaya, ta ce ba ta ga abin cewa ba. Manaja ya riƙe hannun Injiniya ya ƙi saki. A ranar ya karɓi odar da tsofaffin injinan ba za su iya gamawa ba ko da wata shida.

Murna ba ta kai la'asar ba. Wajen ƙarfe biyu mai awo ta zo ofishin Injiniya da mahaɗai a tafin hannu, ta zube su kan zanensa, ta ce waɗannan sun yi kauri. Ba kauri ne da ido zai gani ba, amma ba sa shiga ma'auni. Ta ce ta jera su yadda suke faɗowa, ta ga biyar lafiya, na shida ɓatacce, biyar lafiya, na shida ɓatacce, kamar an sa doka.

Wannan bai tayar masa da hankali ba da farko, har ma ya ji daɗin yadda matsalar ta zo da tsari. Da aska ce ta kauce, da duka za su ɓaci, tun da kowane mazari yana bi ta gaban kowace aska. Tun da ɗaya ne cikin shida, to mazari guda ne mai laifi. Ya sa aka shafa wa bakin kowace sanda alli mai launi dabam, kafin a tashi aiki an kama ɓarawo: na huɗu ne.

Washegari da safe suka tayar da injin, na huɗu ya yi ta zubo kaya tsaf kamar ba shi ba. Injiniya ya tsaya a kansa awa guda, ya koma ofis yana cewa wataƙila ɓarɓashi ne ya maƙale jiya. Kafin sha biyun rana mai awo ta sake bayyana a bakin ƙofa. Tafin hannunta kawai ta buɗe.

Haka aka shiga mako na farko, aka shiga na biyu. Da safe lafiya, da rana ta take sai cutar ta tashi. Ya ce sandunan tagullar ne ba su miƙe ba, aka canja mai kawo su. Ya ce bakin da ke damƙe sandar ne ya saki, aka sa sabo. Ya zargi sakata, ya kwana biyu yana auna ramukanta shida, ya same su daidai har abin ya ba shi haushi. Ya zargi ma'aunin mai awo. Ita kuwa ta cire tabarau ta goge, ta ce masa ma'aunin nan ya girmi aurensa, kuma bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba, in yana so ya kawo nasa. Ya kawo nasa. Abu ɗaya suka faɗa.

Manaja ya daina riƙe masa hannu. Kullum sai ya leƙo sau uku, ya tambaya ko an gano, ya tuna masa ranar da aka yi alkawarin kai kaya, ya fita bai rufe ƙofa ba. An ajiye ma'aikata biyu ba su da aiki sai tsince ɓatattu daga kwando, injin da aka yi don ya rage hannu ya koma cin hannu huɗu. Injiniya ya rame. Abinci in an ajiye masa sai ya huce, yana zane da cokali a kan tebur. Matarsa ta ce ko cikin magana da yara sai ta ga leɓensa na motsi, yana ƙirga ɗaya zuwa shida.

Da ya rasa inda zai dafa, sai ya dafa kan Yaya.

Dalili yana da shi, ko kuwa ya ga kamar yana da shi. Ya san halin tsofaffin bakanikai: in abu ya ƙi shiga, sai su ɗan goga shi da magagari, su ɗan dake shi da guduma, ba su gaya wa kowa ba. Zanensa kuwa ya bi shi layi-layi ya fi sau goma, mazari na huɗu bai bambanta da 'yan'uwansa da komai ba. In takarda daidai take, ƙarfe kuma ya ƙi, to tsakanin takarda da ƙarfe hannun wa ke akwai?

A gaban mutane ya faɗa, wannan ne ɓarnar. Injin na tsaye, ma'aikata sun kewaye shi, Yaya ya ɗora bayan hannunsa a jikin gangar ya ce shi dai yana jin gefen na huɗu ya fi sauran ɗumi. Injiniya, wanda Manaja ya gama wanke shi tas minti biyar da suka wuce, ya ce ba a auna zafi da fatar hannu. Sannan ya ƙara da abin da ya fi wannan.

"Ni abin da nake so in sani, me aka taɓa a cikin gangar nan da ba na cikin zane? Wa ya yi mini gyaran gangar auzinawa a ciki?"

Yaya ya janye hannunsa, ya goge shi da tsumma a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Abin da ka zana shi na ɗaura, Injiniya. Ko wanda raina bai kwanta da shi ba, na ɗaura."

Daga ranar kuma ya shiga bin zane irin bin da ya fi zagi ciwo. In Injiniya ya ce a kwance murfi, sai ya tambaya noti nawa, da wace sifana, a rubuta masa. In an tambaye shi ra'ayinsa sai ya ce shi bakanike ne, ba shi da ra'ayi, takarda ke da shi. Aikin da yake gamawa kafin a sha ruwa ya koma cin yini.

Maganar ta riga Injiniya isa gida. Matarsa ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ajiye masa abinci, ta zauna nesa kaɗan tana ninke kayan yara, ta ce matar Yaya ta kira ta. Ta ce ita ba ta san mazari ba, ba ta san ganga ba, amma ta san mutumin da ya sayar da kekensa ya saya mata littattafai, kuma ba ta taɓa jin an kira shi maha'inci ba sai yau, a bakin uban 'ya'yanta. Ya ce bai ce maha'inci ba. Ta ce to me ya ce? Ya buɗe baki zai yi mata bayanin tsakanin takarda da ƙarfe, ya ga ba ta ko ɗago kai ba, ya rufe. Ƙarshen makon nan Yaya bai zo ganin yara ba, abin da bai taɓa fashi ba sai in yana kwance.

A mako na huɗu ne, bayan ya gwada duk abin da ya sani, ya aro na'urar auna zafi daga sashen narka ƙarfe. Ya jira sai da ma'aikata suka fita cin abincin rana, don kada a gan shi. Ya tsayar da injin, ya haska mazaran ɗaya bayan ɗaya. Biyar ɗuminsu ɗaya. Na huɗu kuwa ko ƙwai ka fasa a kai sai ya soyu. Zafi ke sa mazarin ya kumbura ya kauce daga mazauninsa, shi ya sa da safe yake lafiya. Zafi kuwa ba ya zuwa sai in boris ɗin da mazarin ke juyawa a kai ba ya samun mai.

Ya koma ofis ya zaro zanen hanyoyin mai. Ramuka shida siriri, an huda su ta cikin naman gangar, kowanne ya nufi boris ɗinsa. Daidai suke. Ya zauna yana kallonsu har idonsa ya fara ruwa. Sai ya tuna da wata takarda da ba ta cikin babban kundin.

Ana saura kwana kaɗan a rufe gangar, Manaja ya zo ya ce yana son injin ya riƙa ƙirga zagayensa da kansa. Abu ne mai sauƙi: ɗan ƙarfe kamar kunne a bayan gangar, duk zagaye ɗaya ya taɓa maƙirgi. Injiniya ya zana shi a tsaye, cikin minti ashirin, a takarda dabam, da noti guda dogo da zai riƙe shi. Ya nemo takardar a ƙasan aljihun tebur, ya ɗora ta a kan zanen hanyoyin mai, ya manna su biyun a gilashin taga. Rana ta ratso su. Ramin notin ya sauka kai tsaye cikin hanyar man mazari na huɗu, tsinin notin ya toshe fiye da rabinta. Ga sa hannunsa a ƙasa, da kwanan wata, da rubutunsa mai kyau da yake alfahari da shi.

Har da abin da ya manta ya dawo masa. Ranar da aka huda ramin, Yaya ya zo ya ce bakin mahudin ya zurma kamar ya faɗa wani rami, ko a rage tsawon notin? Shi kuma yana kan waya, ya ɗaga masa hannu ya ce a bi zane.

Bai je wurin Manaja ba tukuna. Ya tarar da Yaya a bencinsa yana wasa aska, ya ajiye takardun biyu a gabansa, ya nuna wurin da yatsa. Yaya ya sa tabarau, ya duba, ya daɗe yana dubawa. Injiniya ya so ƙwarai a ce masa ai na faɗa maka, ko a yi masa dariya, ya samu abin da zai haɗiye ya huta. Yaya bai ba shi wannan ba.

"Yaya, laifina ne. Abin da na faɗa a gaban mutane, a gabansu zan janye shi."

"Boris ɗin ya riga ya ƙone," in ji Yaya, idonsa na kan takarda. "Sai an fito da gangar."

Injiniya ya janye maganar kuwa, washegari da safe, a gaban duk wanda ya ji ta farko. Yaya ya gyaɗa kai kawai. Mai awo ce ta ce to madalla, yanzu saura ma'auninta, shi ma yana jiran nasa ban haƙurin. Aka yi dariya, Injiniya ma ya yi, ta fatar baki.

Gyaran kansa ba komai ba ne: a sa gajeren noti, a toshe ɓarakar, a canja boris. Aikin awa biyu. Amma kafin hannu ya kai wurin sai an sauke asake duka, an zare babbar sandar tsakiya, an kwance giyar baya, an ɗaga gangar da sarƙa, sannan a mayar da komai a sake saita shi ɗaya bayan ɗaya. Shi ya zana injin a dunƙule haka don ya yi ƙarfi kada ya yi rawa, bai bar ko tagar da hannun yaro zai shiga ba. Yaya ya ƙiyasta kwana goma sha biyu, in komai ya tafi daidai.

Manaja ya saurari Injiniya har ƙarshe, abin da bai saba ba. Sannan ya tambaya, in aka bar na huɗu babu sanda, aka cire shi daga giya ya daina juyawa, sauran biyar za su yi aiki? Injiniya ya ce za su yi, amma ba haka aka yi injin ba. Manaja ya ce bai tambaye shi yadda aka yi shi ba. Biyar lafiyayyu sun fi tsofaffin injina huɗu sauri, masu tsince ɓatattu za su koma bakin aikinsu, kaya za su fita a kan lokaci. Kwana goma sha biyu kuwa babu su. A gama wannan odar, sai a ba shi injinsa ya yi ta fiɗa.

"Ranka ya daɗe, shekara uku na yi a kan shida. Na gano ciwon, maganin yana hannuna."

"Na ji. Riƙe shi, ba zai lalace ba."

Aka cire na huɗu daga aiki a yammacin nan. Injin ya tashi da sabuwar tafiya: mahaɗi biyar su faɗo, sannan gangar ta juya a banza, asake su matso su sari iska su koma. Kowa ya saba da sautin cikin kwana biyu, ban da mutum ɗaya. Ofishinsa bango ɗaya ne da injin. Ya mayar da teburinsa ɗaya gefen, ya toshe ƙasan ƙofa da kwali, duk da haka gurbin nan na shida yana iso shi, kamar mai ɗingishi yana wucewa ta bayan ɗaki yini guda.

Odar ta fita a kan lokaci. Waɗanda suka karɓa suka yaba, suka ninka ta. Da Injiniya ya je tuna alkawari, Manaja ya ce ai yanzu ne ma ba za a iya tsayawa ba, a bari sai an rufe don hutun ƙarshen shekara. Injiniya ya sayo boris ɗin ya ajiye a aljihun tebur cikin takardarsa mai maiƙo. Hutun ya zo, aka ce bana rabin ma'aikata ne za su tafi, injin ba zai huta ba. Baƙi in sun zo zagaya masana'anta, nan ake fara kai su, Manaja yana buga ƙirji yana cewa mai shida ne, a nan aka zana shi, ga ma wanda ya zana. Injiniya sai ya yi murmushi ya miƙa hannu, yana addu'ar kada a samu mai kunne a cikinsu.

Yaya ya dawo zuwa ganin yara, amma sai da aka yi wata biyu kafin ya yarda ya ci abinci a gidan. Matar ba ta sake tayar da maganar ba. Sai dai in Injiniya ya cika gardama a kan wani abu, ko wurin rataya labule ne, takan ce masa a hankali ya ɗora takardar a taga tukuna.

Da shekara ta zagayo, Manaja ya kira shi ya ce kasuwa ta buɗe, ana son inji na biyu. Injiniya ya ce a fara ba shi kwana goma sha biyun nan, sannan a yi maganar na biyu. Manaja ya ce in na biyun ya tashi, ai sai a samu sararin tsayar da na farko. Babu yadda ya iya, ya koma kan tebur. Wata bakwai ya yi. Ya buɗe tagogi uku a jikin sabon injin, ya fito da hanyoyin mai waje inda ido zai gan su, ya hana kansa zana ko da noti ɗaya a takarda dabam. Da ya gama, kafin ya sa hannu, ya naɗe kundin ya kai wa Yaya benci, ya ce ya duba masa in ya samu lokaci.

Ya zaci yini ɗaya zai yi. Yaya ya riƙe kundin kwana tara. Ranar da ya dawo da shi, gefen takardun duk shatin yatsa ne na baƙin mai, ga alamar fensir har wuri goma sha huɗu. Nan sifana ba za ta juya ba. Nan ɓarɓashi zai taru. Nan mai ƙaramin hannu ne kawai zai kai, shi kuwa ba shi da niyyar rage nasa.

Injiniya ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Biyar ya yarda da su nan take. Uku ya ce zai duba. Sauran shidan kuwa ya ce sam, Yaya bai fahimci lissafin ba, ya jawo kujera ya zaro fensir daga bayan kunne. Yaya ya ture askar da yake wasawa gefe, ya gyara zama, ya ce to bismilla, a fara da na shafi na uku.